Rariyar Tagulla da Ƙwaryar Yaya Ladi

Salma, ajiye burushin nan. Ba na kwalli ba ne, kuma ba a sayar da irinsa a kasuwar Mai Wurno. Ke jikata ce, amma wallahi kika lanƙwasa masa baki sai mun ɓata. Ku ma 'yan jami'ar da ta kwaso mini, ku matso cikin rakuba, rumfar nan, rana ta fara cin bayanku. Na ji wanda ya ce wai aikin Habboba Ige, wato ni kakar Salma, tsintar shinkafa ne da tabarau. Kai ne, mai farar jallabiya, kada ka wani sunkuyar da kai. Ba ka yi ƙarya duka ba. Sai dai mai tsintar shinkafa in ta zubar da ƙwaya akwai buhu a ɗaki, tawa kuwa in ta zube babu inda za a sake samo ta. Zan ba ku labarin lakar da Daktora Su'ad ta ba ni amana tana kwance ba lafiya, tana jiran amsar tambaya guda da ta ci rabin rayuwarta. Amma sai kun fara sanin aikin tukuna, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya ɓace ba.

Ni da tsintsiya na shiga. Mijina, Allah ya jiƙansa, yana aiki inda ake gurzar auduga a birnin Madani, nan Sudan, ni kuma na samu shara da dafa shayi a wani ɗakin binciken duwatsu da kowa ke ce wa ma'amal. Babba a wurin wanke samfuri wani tsoho ne, Usta Mahjub, dogo, mai tsaga uku a kumatu, ba ya dariya sai ranar Alhamis. Wata rana ina zaune a bakin ƙofa ina tsince adas, ɗan ƙaramin waken nan, na abincin hantsi, ya tsaya a kaina har na tsargu. Ya ce, "Ya bitti, 'yata, wa ya koya maki?" Na ce, "Koya mini me? Wannan ai kowace 'yar Mai Wurno da shi ta tashi." Ya ɗauki farantin ya juya shi a rana, bai sami tsakuwa ko ɗaya ba. Ya ce gobe in bar tsintsiya in zo wurin famfo. Na koma gida ina murna an ƙara mini girma, ashe wanke-wanke aka ƙara mini.

Rariya na fara wankewa, kuma na daɗe ban taɓa komai ba sai ita. Rariyoyin na tagulla ne, ana ɗora wata kan wata, ta sama mai manyan idanu, ta ƙasa kuwa in kika ɗaga ta a rana sai ki rantse yadi ne. Ana wanke ta da burushi daga baya, ba daga ciki ba. In an gama sai a tsoma ta cikin ruwan shuɗi a ɗauraye. Na ɗauka tsafi ne irin na Usta, har na tambaye shi. Ya ce duk iya wankinka, wata ƙwaya ɗaya za ta maƙale a idon rariya, gobe ta faɗo cikin samfurin wani dutse da ke nesa da garinsu tafiyar kwana da kwanaki. To in ta sha shuɗi, da an gan ta a madubi an san baƙuwa ce, a fitar da ita. Ranar da na manta shuɗin sau ɗaya, bai yi mini faɗa ba. Ya dai sa na sake wanke rariyoyin ma'amal gaba ɗaya, har da waɗanda ba a taɓa amfani da su ba, yana zaune yana shan gahawarsa ta jabana yana kallona.

Wankin laka shi ma da ƙa'idarsa. Ba a daka dutse kamar ana daka yaji, murƙushe shi ake yi a hankali. A jiƙa a ruwa da soda har ya saki jiki ya koma kunu. Daga nan sai a juye shi duka, ruwa da laka da kumfa da duk abin da ya taso, a kan rariyar nan mai ƙananan idanu, a riƙa zuba ruwa a hankali ana shafawa da cikin yatsa. Laka ta wuce, abin da ake nema ya tsaya. Usta yakan ce ruwan da ya taɓa samfuri ba ya taɓa ƙasa sai ta cikin rariya. Ku riƙe wannan. Abin da ya rage bai fi cikin cokali ba, a shanya, a barbaɗa kaɗan a baƙin faranti mai layi-layi, a tura ƙarƙashin mikroskob, wanda ni dai madubi nake ce masa har yau.

Ranar da na fara sa ido a madubin nan salati na yi da ƙarfi, har ɗalibai suka juyo. Abin da na shanya da hannuna ina ce masa yashi, ashe kwansuna ne, kowane da ginin gidansa. Wani a naɗe kamar dodon koɗi, wani jere biyu kamar kitso, wani kamar ƙwayar wake mai murfi biyu. Duk a cikin abin da bai kai kan allura ba! Na ce, "Usta, wa ya yi waɗannan?" Ya ce, "Wanda ya yi ki." Sai ya miƙo mini burushi, ya nuna mini yadda ake jiƙa bakinsa, a taɓa kwanso ɗaya ya manne, a ɗauke shi a ajiye a ɗan kwali mai gida-gida da aka shafa wa ruwan ƙaro. In ƙaro ya yi kauri ya binne shi. In ya yi ruwa ya tashi da iska. In kika yi numfashi da ƙarfi, aikin safiya ya tafi. Atishawa kuwa, Usta ya ce a yi ta a waje, in ta matsa a haɗiye.

Kuma ba zaɓe ake yi ba, nan ne masu tsintar shinkafa ke faɗuwa. Hannu yana son ya ɗauki babba, kyakkyawa, wanda bai fashe ba. To ba a yarda ba. In kika fara layi, duk wanda ke cikin layin nan sai kin ɗauke shi, mummuna da tsamurarre da mai karyayyen baki. Ban gane dalili ba sai da Daktora Su'ad ta zo.

Lokacin yarinya ce, sabuwar dawowa daga karatu, gajeriya, mai saurin magana, tob ɗinta, mayafin da take naɗawa, kullum da tabon laka a gefe. Ita ce ta zaunar da ni ta ce waɗannan halittun teku ne, teku ta daɗe da tafiya ta bar su a cikin dutse. Na ce haba Daktora, ina teku ina wannan ƙasa? Ta ce ko kogin nan namu, can sama a ƙasar Habasha, cikin duwatsun tsohuwar teku yake yankowa, shi ya sa ba a wanke samfuri da ruwansa sai an tace. Ta ce ɗaya daga cikinsu ba ya gaya maka komai, sai ka ga su waye suka zauna tare, kuma su wa suka fi yawa. Kamar dai ki shiga kasuwa ki gane daga kayan da aka baza ko bana an yi ruwa.

Da kaina na riƙa ganin abin a faranti, shekara bayan shekara. In teku marar zurfi ce, mai ɗumi, rana na kaiwa ƙasa, za ki ga manya masu kaurin kwanso, iri-iri, farare tas. In bakin kogi ne inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, iri biyu ko uku ne kawai, amma ga yawa, wasu ma ba su da abin gini sai su liƙa ƙwayoyin yashi su yi gida. In ƙasan ruwa ya rasa iska, laka baƙa ce, tana ɗan wari in an jiƙa, mazauna ƙasan 'yan kaɗan ne, sirara, a baje, da ɗigo-ɗigon wani abu mai ƙyalli kamar zinariya a tsakaninsu. In gishiri ya wuce misali, faranti wayam, sai ki yi ta zagaye ba kowa. Sannan akwai waɗanda na sa wa suna masu iyo. Su ba a ƙasa suke zaune ba, a saman ruwa suke yawo, in sun mutu su sauko. 'Yan kumbura-kumbura ne kamar ƙwan kifi, cikinsu fanko, ba su da nauyi ko kaɗan. Ba sa son bakin gaɓa. In kika ga sun cika faranti, to tsakiyar teku kike, mai zurfi. Daktora tana da sunayensu na boko masu tsawo kamar igiyar rijiya, amma da ta ji nawa sai ta koma kiransu da shi, har a gaban baƙi.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai wani mai neman dutsen siminti da ya zo da buhu daga hamadar arewa, yana gumi, yana son a gaya masa yau-yau. Na fasa dutse ɗaya sai ga kwansuna manya kamar adas, ko madubi ba a buƙata. Ya ce shi ba adas ya zo saya ba. Daktora ta ce masa waɗannan su ne dutsen nasa, in babu su babu siminti, ya koma ya sha shayinsa. Akwai masu haƙar rijiyar burtsatse, su kawo ƙasa a ledar burodi, lambar zurfin a rubuce da gawayi, rabi ta goge. Waɗannan na fi faɗa da su. Na sha gaya musu ƙasar da ba a san daga wane zurfi ta fito ba, ƙasar cike rami ce. Ga ɗalibai irinku, masu zuwa ana gobe jarrabawa suna "Haja Ige, don Allah." Wani ya taɓa lasar burushin da ya taɓa shuɗi, ya yini da baki kamar wanda ya sha tawada. Kai, mun yi dariya a ma'amal ɗin nan! Da hantsi a shimfiɗa jarida a ƙasa, daktoci da direba da ni da Usta, hannu a kwano ɗaya na waken ful. Ina kewar wannan wallahi, fiye da yadda nake kewar gidana na Madani.

To, aikin da Daktora ta sa a ranta shi ne wata rijiya mai zurfi da aka taɓa haƙawa kusa da Bahar Maliya. An fito da dutsen cikinta a jere, daga sama har ƙasa. A wani wuri akwai gishiri mai kaurin gaske, ƙarƙashinsa kuma laka mai duhu. Tambayarta ita ce: tekun nan a hankali ta riƙa ja da baya tana raguwa har ta ƙafe ta bar gishiri, ko kuwa tana nan da zurfinta bakinta ya toshe, ruwan ya shaƙe ya koma gishiri? Manyanta duk sun ce na farko ne. Ita zuciyarta na gaya mata na biyu. Ta ce daga ƙasa za mu faro mu hau sama, kada son rai ya ja mu. Muka yi ta hawa, ana yi ana tsayawa, yau babu soda, gobe babu wuta, jibi an ba ta wani aiki. Usta Mahjub ya yi ritaya ya rasu muna kan hanya. Ni na yi furfura a kan rijiyar nan. Har ya rage 'yan ledoji kaɗan, na ƙarƙashin gishirin daidai, kowace da laka cikin tafin hannu. Amsar a cikinsu take. Sai ciwon ƙoda ya kama Daktora, aka tafi da ita birnin Bor Sudan ana yi mata wankin ƙoda. Ranar da za ta tafi ta sa ledojin a hannuna ta ce, "Kada ki ba kowa. Zan dawo mu yi tare."

Ba ta dawo ba, yaƙi ya riga ta zuwa. Kun san shekarar, ba sai na faɗa muku ba, kowannenku da nasa labarin gudu. Ni da na fito Madani ban ɗauki katifa ba, ban ɗauki tukunya ba. Na naɗe madubi cikin tob, na ɗauki rariya ɗaya, mai ƙananan idanun, da burusai da kwalbar shuɗi, na zuba ledojin a buhun sukari. A mota wata mata ta tambaye ni ko zinariya ce nake rungume da ita haka. Na ce ƙasa ce. Ta matsa can gefe, ta ɗauka na taɓu. Daga baya muka ji an kwashe ma'amal, ɗakin ajiyar duwatsun ma ba a bar komai ba. Ke nan duk duniya abin da ya rage na wancan wuri a rijiyar shi ne abin da ke buhuna.

Nan gidan na sauka, wurin yayata Ladi. Salma ta san ta, ku ba ku san ta ba. Ita ta goye ni, don ina ƙarama uwarmu ta rasu. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba a taɓa cin tsakuwa a tuwonta ba. A shekarar nan gidan nan cike yake, dangi da waɗanda ba dangi ba, har a wannan rakubar mutane ke kwana, kuma ban taɓa jin ta ce wa wani babu wuri ba. Washegarin zuwana na fito na same ta da rariyata a hannu, za ta tankaɗe garin kisra, wainar dawarmu, tana yabawa wai ba ta taɓa ganin mai laushin ido irinta ba. Na daka mata tsawa. Ni, a gidanta, a gaban surukanta! Ta dube ni, ta ajiye rariyar a hankali, ta ce, "Halas, shi ke nan, Ige. Ba mai taɓa ta." Da hannunta ta kafa ƙusa can sama a bangon ɗaki ta rataye ta, ta gargaɗi kowa.

Waya sai an hau tudun bakin kogi ake samu, shi ma ba kullum ba. Wata rana saƙon Daktora ya shigo, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce, "Ya Ige, kada ki jira ni. Ki wanke, ki tsince, ki gaya mini abin da kika gani. Sauran rubutun duk na gama, wannan kaɗai ya rage, kuma likitoci ba sa kallon idona in suna magana." Na gane abin da take nufi.

Na shirya yadda Usta ya koya mini. Mai jaki ya kawo ruwan kogi, na bar shi ya kwanta, na tace da yadi ninki-ninki. Na tara gwangwanayen madara, na kankare lambar kowace leda a jikin gwangwaninta da ƙusa, na jiƙa. Gwangwani ya ƙare saura leda ɗaya, ta can sama, wadda ke manne da gishirin, na ce ita sai an samu wuri. Da la'asar ɗin ranar zazzaɓi ya kwantar da ni, irin mai kaɗa haƙora. Ban san inda kaina yake ba na 'yan kwanaki. An ce na yi ta sambatu ina kiran laka, ina cewa za ta bushe, Daktora na jira.

Ranar da na iya miƙewa na dafa bango na fito. Ga tabarma a inuwa, an jera 'yan farantan shayi a kai, kowane da ɗan yashi fari fes, kowane da gwangwaninsa a gefe, ba a rikita ko ɗaya ba. An ma kifa musu faifai don kaji. Yaya Ladi na zaune a gefe tana murmushi.

Ta ce, "Kin tashi? To ga aikinki nan, na taya ki. Kina ta kuka da shi cikin zazzaɓi."

Na juya na leƙa ɗaki. Rariya na nan a ƙusarta, har ƙura ta hau ta. Na juyo na dube ta.

Na ce, "Yaya, da me kika wanke?"

Ta ce, "Da ƙwarya mana. Rariyarki ko kallonta ban yi ba, kin hana. Regewa na yi, ɗaya bayan ɗaya, ina wanke ƙwaryar tsakani yadda na ga kina yi da kayanki."

"Ruwan fa?"

"Na tsiyaye. Sai da ya fita fari tas na bari. Ƙaiƙayin da ya taso sama duk na zubda, ba ki samun ko ɗaya."

"A ina?"

"Gindin lemo, kada ruwan ya tafi a banza."

Haka kowace mace a garin nan take wanke hatsi, haka uwarmu ta yi, haka ni ma nake yi in na shiga madafa. Abin da ya nutse shi ne abin kirki, abin da ya taso shara ne. Ta yi aikin da tsabta iyakar saninta, kuma ta kiyaye abin da na hana ta. Na ce, "Sannu, Yaya, Allah ya saka." Abin da bakina ya iya ke nan.

Na ɗauko madubi na duba faranti bayan faranti. Mazauna ƙasa ne kawai, masu nauyi, tsiraru, ba mai iyo ko na magani. Wanda bai sani ba zai duba ya ce teku ce marar zurfi, manyan Daktora sun yi gaskiya. Faranti ne masu tsabta da ke faɗin ƙarya. Ko masu iyo sun cika su kafin ƙwarya, ko dama babu su, ba mai iya sani. Na zauna a wurin na yi kuka, ba na ɓoye muku.

Saura leda ɗaya. Na jiƙa ta, na sauko da rariya, na wanke, na tsoma a shuɗi. Yaya Ladi ta zo ta tsaya a kaina. Ta ga na juye gwangwanin duka a kan rariya, har kumfar da ta manne a baki na ɗauraye na zuba. Ta ga ban tsiyaye ko ɗigo a gefe ba. Da ya bushe na barbaɗa a faranti na sa ido, sai ta ce, "Ba ni in gani." Na gyara mata madubi. Ta daɗe tana lalube, rufe wannan ido, buɗe wancan, can sai ta tsaya cik. Masu iyo ne fal, 'yan mitsi-mitsi, sun cika layi.

Ta ce, "Waɗanga su ne ƙaiƙayin?"

Na ce, "Su ne, Yaya."

Ta miƙe ta shiga madafa. Ranar ba ta ci abinci ba.

Na tsince ledar nan layi-layi, ban bar kowa ba. Sannan na hau tudu na yi ta ɗaga waya har ta shiga. Na gaya wa Daktora duk yadda aka yi, ban rage ba.  Sai ta ce, "Nawa suka tsira?" Na ce ɗaya, ta saman. Ta ce, "Faɗa mini." Na ce masu iyo sun cika faranti, iri ɗaya ne ko biyu, duk ƙanana kamar ba su ƙoshi ba. Mazauna ƙasa sai an nema, su ma sirara. Ga ɗigon zinariyar nan ko'ina. Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Mai zurfi ce, kuma ta shaƙe. Gab da gishiri." Na ce to ai kin yi gaskiya ke nan, Daktora, ki rubuta. Ta ce, "Leda ɗaya ba ta shaida, ya Ige. Za su ce ruwa ne ya kwaso su daga wani wuri, kuma ba ni da na ƙasa da ita da zan nuna. Ba zan rubuta abin da ba zan iya tsayawa a kansa ba." Ta yi tari mai tsawo. Sai ta ce, "Amma ni na ji. Sake faɗa mini, a hankali." Na sake faɗa mata tun daga farko, ina tsaye a rana, kogi na wucewa a ƙasa. Da za mu rabu ta ce in gaida yayata, in ce mata ta gode da ta kula da ni. Daktora ba ta ga damina ba, Allah ya yi mata rasuwa. Rubutun nata yana wurin ɗalibanta, da gurbi a daidai wurin nan, kuma haka zai zauna.

Da na sauko daga tudun ranar, na shigo gida na tarar da Yaya Ladi a durƙushe a gindin lemo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda sai an kama ta take tashi daga sallaya. Cokali ne a hannunta, tana kankare saman ƙasar a hankali tana zubawa a babban kwanonta na fenti, wanda ba ta fitarwa sai ranar suna. Ta kori kaji, ta hana yara zuwa wurin. Ta kusa cika kwanon.

Na ce, "Yaya, tashi. Ko an same su ba su da amfani. Sun gauraya, ba a san wa ya fito daga wace leda ba. Daktora ma ta haƙura, ta ce in gaishe ki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ji. Amma suna ciki?"

Na ce, "Suna ciki."

Ta turo mini kwanon da hannu biyu, ta ce, "To ki fidda su, ki ba su wuri a kwalinki. Duk wanda ya shigo gidan nan bana an ba shi wurin kwana. Ba za su taso tun daga teku ba, a ce ni na watsar da su a ƙasa."

Na je na sauko da rariya.